Lambar haraji da ƴan Najeriya mazauna Makka: Wa ke da haƙƙin rangwame?

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabbin dokokin haraji guda huɗu a ranar 26 ga watan Yunin 2025, waɗanda biyu daga cikinsu suka fara aiki nan take, sauran biyun kuma a ranar 1 ga Janairun 2026, wata tambaya ke yawo tsakanin ƴan Najeriya da ke zaune a Makka, daga ma'aikatan asibiti zuwa masu hidimar alhazai a Masfala da Shara Mansur: mutumin da ya bar gida, me lambar harajinsa za ta amfana masa, kuma shin zai iya neman rangwamen da dokar ta tanada?

Lambar ita kaɗai ba ta bayar da rangwame. Shaida ce da hukuma ke gane mai biyan haraji da ita, kamar yadda iƙama take a wurin mahukuntan Saudiyya. Abin da ke yanke hukunci shi ne matsayin da doka ta ba mutum: mazaunin Najeriya ne, ko kuwa ba mazauni ba.

Lambar ba ta mutuwa don an yi ƙaura

A sabon tsarin, lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ce ke zama tushen lambar harajin mutum, kamfani kuma lambar rajistarsa. Ke nan duk wanda ya sabunta fasfonsa a ƴan shekarun nan ya riga ya mallaki abin da ake buƙata, tun da ba a bayar da fasfo sai da NIN. Mallakar lambar ba ta nufin ana bin mutum bashin haraji. Amma wanda ke da kuɗin shiga a Najeriya, kamar hayar gida ko ribar kasuwanci, ba zai iya miƙa bayanansa ko neman a rage masa komai ba sai da ita.

Inda gizo ke saƙar

Mutane da dama sun riƙe ƙa'idar kwana 183 kaɗai, wato wanda ya yi wannan adadi ko fiye a Najeriya cikin wata 12 shi ne mazauni. Gaskiya ne, sai dai ba ita ce kaɗai hanyar ba. Dokar ta kuma ɗauki mutum a matsayin mazauni idan yana da gida na dindindin da aka tanada domin zamansa a Najeriya, ko kuma yana da manyan harkokin dukiya tare da iyalinsa na kusa a can.

A nan ne batun ya fi shafar mazauna Saudiyya. Tun watan Yulin 2017 masarautar ta ɗora kuɗi a kan kowane mutum da baƙon ma'aikaci ke riƙe da shi, inda aka fara da riyal 100 a wata, har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata da ƴaƴa huɗu zai biya riyal 2,000 duk wata kafin a zo maganar haya da abinci. Wannan ya sa wasu suka mayar da iyalansu Kano ko Katsina ko Sakkwato, suka ci gaba da aiki su kaɗai. Irin wannan magidanci, da ya gina gida a Kano, iyalinsa na ciki, ga shaguna yana karɓar haya, zai yi wuya ya ce shi ba mazaunin Najeriya ba ne don kawai yana kwana a Makka.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda ba mazauni ba, abin da ya samu daga Najeriya kaɗai ake yi wa haraji. Mazauni kuwa, duk abin da ya samu a ko'ina a duniya yana cikin lissafi. Doka ta yarda a cire wa mutum harajin da ya riga ya biya a wata ƙasa, to amma Saudiyya ba ta karɓar haraji a kan albashi. Likitan da ke Landan yana da abin da zai nuna ya biya. Takwaransa na Makka ba shi da shi. Harajin kashi 15 cikin 100 da ake biya a kan kayan saye da sayarwa a Saudiyya tun Yulin 2020 wani nau'i ne daban, ba ya shiga wannan lissafi.

Me ake ragewa?

Sabuwar dokar ta soke tsohon rangwamen bai-ɗaya da kowane mai albashi ke samu ba tare da ya kawo shaida ba. A madadinsa an kawo rangwamen haya: kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, amma kada ya wuce naira 500,000. Ana kuma cire abin da mutum ya zuba a asusun fansho, da asusun gidaje na ƙasa, da inshorar lafiya, da inshorar rai, da kuɗin ruwan bashin da ya ci don gina gidan da yake zaune a ciki. Kowanne sai da takarda.

Bayan an cire waɗannan, naira 800,000 na farko ba su da haraji. Miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15, haka adadin ke hawa har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50.

A ɗauki mazaunin da ya samu naira miliyan 3 a shekara. Ba tare da rangwame ba, harajinsa naira 330,000 ne. Idan aka amince masa da rangwamen naira 500,000, zai biya 255,000. Sauƙin da ya samu naira 75,000 ne, ba 500,000 ba, domin daga kuɗin shiga ake cire rangwamen, ba daga harajin ba. Wannan kuskuren fahimta ya yawaita har a tsakanin masu ilimi. Kuma wanda babu harajin da ya hau kansa ba shi da abin da za a rage masa, balle a mayar masa da kuɗi.

Saboda haka, neman rangwamen da ya danganci zama a Najeriya alhali mutum yana cewa shi ba mazauni ba ne, magana biyu ce da ke karo da juna, kuma lamba ɗaya ce ke ɗauke da duka biyun.

Kuɗin da ake aikawa gida

Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin shugaban ƙasa da ya tsara gyaran, ya sha bayyana cewa kyauta da kuɗin da ƴan ƙasar waje ke aika wa iyalansu ba kuɗin shiga ba ne da za a yi wa haraji. Abin da aka aika wa mahaifiya don cefanen azumi yana nan yadda yake. Idan aka sayi gida da kuɗin aka ba da haya, hayar ce ke shiga lissafi.

Ga wanda ya tare a Makka da gaske, hujjarsa ita ce iƙama, da kwantiragin aiki, da yarjejeniyar hayar gidan da yake ciki, da bayanan shiga da fitarsa. Hukumar zakka da haraji da kwastam ta Saudiyya, ZATCA, tana kuma bayar da takardar shaidar zama ta haraji ga wanda ya cika sharuɗɗa. Irin wannan mutum, hukumar tarayya ta NRS, wadda ta gaji FIRS, ita ce ke kula da abin da ya samu daga Najeriya. Wanda doka ta ɗauka mazauni kuwa, hukumar harajin jiharsa zai nufa, kamar KIRS a Kano, ya miƙa bayanan shekarar da ta gabata kafin ƙarshen watan Maris.