Sarƙar Zinare ta Mayami da Haƙurin Ayowa

A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake rungumewa a ruga da ita, babu abin da ke kifar da wasa kamar a ƙwace ƙwallo. Ko dai a cafke ta a sama bayan mai jifa ya wurga, ko ta suɓuce wa mai gudu abokan hamayya su danne ta.

A 2017 Jami'ar Mayami ta yi wa abin ado. Kocin tsaronsu, Manny Diaz, ya kawo wata sarƙar zinare mai kauri, duk wanda ya ƙwato ƙwallo sai a rataya masa a bakin fili, 'yan kallo na sowa. Suka ci wasa goma a jere. A 2022 sabon koci, Mario Cristobal, ya jingine ta.

Ni dai aikin Jami'ar Ayowa ya fi burge ni. Phil Parker ke riƙe da tsaronsu tun 2012, kuma tsarinsa shi ne kowa ya tsare yankinsa. Mai tsaron da aka haɗa da mutum guda dole ya bi shi duk inda ya nufa, ya ba mai jifa baya, sau da yawa ƙwallon ta wuce bai ma gan ta ba. Shi kuwa mai tsaron yanki fuskarsa na kan mai jifa, yana karanta idonsa da kafaɗarsa, kafin ƙwallon ta bar hannu ya riga ya zabura. Tsarin na da tsada: ana sakar wa abokan hamayya gajerun jifa su yi ta matsowa kaɗan-kaɗan, magoya baya na cizon yatsa. Parker jira yake yaron da ke jifa, wanda bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, ya ƙosa ya yi ganganci. A 2021 yaransa sun cafke jifa 25, babu wata babbar jami'a da ta kai su.

Ƙwallon da ta faɗi ƙasa kuwa wani zance ne daban. Koci na iya koya wa yara su naushe ta daga hammatar mai gudu, kuma ana koyarwa. Amma ƙwallon mai tsini ce baki biyu, in ta taɓa ƙasa babu wanda ya san inda za ta yi tsalle, kusan raba-daidai ake yi wajen danne ta. Shi ya sa in ƙungiya ta tara irin waɗannan da yawa bana, ba na sa ran za ta maimaita baɗi.