Sutura a Bangon Mujalla: Yadda Mujallun Mata Suke Nuna Mace Musulma

Kalmar sutura, wadda Hausa ta aro daga Larabci, tushenta shi ne satara, wato rufewa. Daga wannan tushe ne kuma Turkawa suka sami tesettür, sunan da suke kiran shigar mace mai rufe kai da jiki. Ita kuwa mujallar ado ba ta da hajar da ta wuce abin da ido zai gani. To, me yake faruwa idan aka ɗauki tufar da aka yi domin rufewa aka ɗora ta a bangon da aka yi domin nunawa? Abin da wannan maƙala za ta duba ke nan.

Bari mu fara da ƙasashen da Musulmi suke 'yan tsiraru. A shekarar 2000 Tayyibah Taylor ta fara fitar da Azizah a Amurka, ta kuma ɗauki ƙa'idar cewa mace mai rufin kai ce za ta riƙa fitowa a bango. Wannan martani ne ga jaridun ƙasar, waɗanda suka saba nuna Musulma a matsayin abar tausayi wadda ba ta da bakin magana. A 2007 wasu mujallu biyu suka fito da wasu hanyoyin. Muslim Girl, wadda aka yi domin 'yan matan Amurka da Kanada, ta nuna masu rufin kai da marasa shi. Sisters kuwa, wadda Na'ima B. Robert ta kafa a Ingila, ta guje wa nuna fuska. Addini ɗaya, amsoshi uku, kuma kowace amsa hukunci ce da edita ta yanke kan wadda za a kira Musulma ta gari, ko da ba ta rubuta haka da alƙalami ba.

A Turkiyya al'amarin ya sha bamban, domin can rufin kai ya daɗe yana tsakiyar rikicin siyasa. Sai a 2013 aka janye dokar da ta hana yawancin ma'aikatan gwamnati mata sa shi a wurin aiki. Amma kasuwa ta riga doka farkawa. Tun 1992 kamfanin Tekbir ya shirya bikin nunin tufafin tesettür, sa'an nan a 2011 mujallar Âlâ ta fito, cike da hotunan 'yan mata masu ɗankwalin siliki da jakunkuna masu tsada da takalma masu tsini. Suka ta zo mata ta fuska biyu. Masu ra'ayin raba addini da mulki suka ce alama ce ta yadda addini yake mamaye rayuwar jama'a. Wasu masu kishin addini kuma suka ce almubazzaranci ne da tallar jiki aka lulluɓe da mayafi. A ganina sukan na biyu ya fi kusa da inda gizo yake saƙa, domin abin da shafukan Âlâ suke shelantawa shi ne wadata. Matar da ba ta da kuɗin siliki, kome cikar suturarta, ba ta da gurbi a ciki.

Manyan mujallun ado na Turawa sun shigo a makare. A nan akwai matsalar harshe da ya kamata a lura da ita: inda Bahaushe yake bambanta kallabi da gyale da hijabi da niƙabi, Ingilishi yakan tattara su duka a kalma ɗaya, veil. Wanda kuwa bai bambanta abubuwa a baki ba, da wuya ya bambanta su a hoto. Fitowar farko ta Vogue Arabia, a watan Maris na 2017, ta ɗauki hoton Gigi Hadid, wadda ba ta sa hijabi a rayuwarta, da wani mayafi mai duwatsun ado ya rufe rabin fuskarta. Masu karatu da dama suka ce an mayar da sutura kayan wasan kwaikwayo.

Labarin Halima Aden ya fi wannan nauyi. An haife ta a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya a 1997, iyayenta Somalawa ne, ta kuma girma a Amurka. Ta fito da hijabinta a bangon Vogue Arabia a watan Yuni na 2017, da kuma na Vogue ta Ingila a watan Mayu na 2018, aka yi ta shelar cewa an buɗe ƙofa. A watan Nuwamba na 2020 sai ta bayyana cewa ta bar aikin. Bisa ga bayaninta, hijabin ya yi ta ƙanƙancewa daga hoto zuwa hoto, har ta kai an taɓa ɗora mata wandon jins a ka a madadinsa. Ta ɗora wa kanta wani ɓangare na laifin, amma ta nuna cewa da wuya a sami Musulma cikin masu shirya kayan da ake sa wa mai fitowa a hoto. Ke nan fuskar da take bango tata ce, hannun da ya ɗaura mayafin kuwa na wani ne. Da ta koma harkar tufafi a 2021, da kamfanin Modanisa na Turkiyya ta ƙulla aiki.