Kada A Yi Gaggawar Zubar Da Tsohon Linzamin Kwamfuta

A unguwar Kawo, wadda ke bakin Kaduna ta arewa a kan hanyar Zariya, akwai shagunan buga takardu da dama, musamman a kewayen Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da tashar mota. Nan ne ma'aikata kan kai takardun neman ƙarin girma ko na fansho a buga musu, nan ne kuma ɗalibai kan cike takardun jarrabawa. Wasu daga cikin kwamfutocin teburin da ke waɗannan wurare na gwanjo ne, sun sha aiki a ƙasashen waje kafin su iso nan. A jikin irinsu ne har yanzu ake samun tsohon linzami, watau maus, mai waya da zagayayyen kai. Ran da kibiyar da ke kan gilashi ta kafe, to, aiki ya tsaya ke nan. Masu jira su yi ta tsaki, mai shago kuwa ya yanke hukunci cewa linzami ya mutu. Sau da yawa kuwa lafiyarsa lau, rashin sanin halinsa ne ya jawo.

Wannan zagayayyen kai sunansa PS/2. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da shi a 1987. Yana da ƙananan allurai shida, ko da yake huɗu ne ke aiki: biyu na wutar da ƙarfinta bolt 5 ne, biyu kuma na saƙon da ke kaiwa da komowa tsakaninsa da kwamfuta. Bambancinsa da USB, wanda ya bayyana a 1996, shi ne tushen matsalar. Na USB ana iya soka shi a kowane lokaci kwamfuta ta gane shi. Na PS/2 kuwa, kwamfuta takan neme shi ne a lokacin da take tashi. In ba ta same shi a sa'an nan ba, galibi ba za ta sake waiwayarsa ba sai an sake tayar da ita. Bugu da ƙari, soka shi ko zare shi alhali akwai wuta yana iya ƙona fis ɗin da ke kan babban allon cikin kwamfuta, gyaran da ya ninka kuɗin linzami sau da yawa.

Saboda haka matakin farko shi ne a kashe kwamfuta, a zare wayar wuta daga bango. Sa'an nan a duba ramin da aka soka linzamin. Ramuka biyu ne a bayan kwamfuta, kamarsu ɗaya, girmansu ɗaya: kore na linzami, mai ruwan shuni kuma na kibod. Inda ake yawan ɗauke wuta, ana jan teburi ana canja soket a cikin duhu, musanya su abu ne mai sauƙi. Wasu kwamfutoci na baya-bayan nan rami ɗaya gare su, rabinsa kore rabinsa shuni, yana karɓar ɗaya daga cikin biyun.

Bayan wannan sai a haska tocila a cikin kan linzamin. In wata allura ta lanƙwashe, a miƙe ta sannu a hankali da bakin hantsaki, domin in ta karye magana ta ƙare. A tsakiya akwai wani ɗan harshe na roba mai nuna yadda kan zai shiga. Yakan karye ya maƙale a cikin rami, ya hana wani linzamin ma shiga. Kada a murɗa da ƙarfi. In ya zauna daidai, sai a mayar da wuta a kunna.

Akwai wani tarko a Windows 8, wadda ta fito a 2012, da waɗanda suka biyo bayanta. Kashewar da aka saba ba cikakkiya ba ce, domin na'urar takan adana halin da take ciki don ta tashi da sauri. Umurnin Restart shi ne ke tayar da ita daga tushe. In har yanzu shiru, kibod ya isa a yi bincike. A danna maɓallin Windows tare da X, a sauka da maɓallan kibiya zuwa Device Manager, a duba ko akwai alamar rawaya a gefen sunan linzamin. Haka kuma a shiga BIOS a tabbatar ba a rufe ramin ba. Hanya mafi sauƙi ta raba gardama ita ce a gwada linzamin a wata kwamfuta. In ya yi aiki a can, laifin ramin ne.

Game da ɗan koren mahaɗin da ake sayarwa don haɗa USB da PS/2, ya kamata mai saye ya yi hattara. Mai araha wayoyi ne kawai a cikinsa, ba ya aiki sai da linzamin da aka ƙera shi ya san hanyoyin biyu. Wanda ke son soka tsohon linzami a ramin USB sai ya nemi mahaɗi mai 'yar na'ura a ciki wadda ke juya saƙon.

In kuwa kwamfuta ta gane linzamin amma kibiya tana tsalle-tsalle, wannan wani ciwo ne dabam. Mai ƙwallo a ciki ƙurar hunturu ce ke toshe masa 'yan gargarorin da ƙwallon ke juyawa. A buɗe murfin ƙasa, a kankare dattin, a goge ƙwallon.

Ga ɗalibai akwai darasi a nan. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, a 2017 kuma ta shigo da tsarin maɓallai takwas domin a iya amsa tambayoyi ba tare da linzami ba. Wanda ya saba da kibod ba zai ruɗe ba ran da kibiya ta tsaya. Ma'aikatan da ke riƙe da sito kuwa, kafin su rubuta kayan hukuma cikin jerin waɗanda suka lalace, ya dace su bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. Minti goma sun isa, kuma ba a kashe ko kwabo.