Darasin Gado Daga Lambun Wake

Sau da yawa akan ga yaro ya ɗebo kamannin kakansa, alhali ba a gan su a jikin uwa ko uba ba. Wanda ya fara gano ƙa'idar wannan al'amari shi ne Gregor Mendel, wani malamin coci a birnin Brno, cikin ƙasar Cek ta yau. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka tushe kimanin 28,000 na koren waken nan da Faransawa ke kira petit pois.

Dalilai uku suka sa wannan wake ya dace da aikin. Na farko, furensa a rufe yake, sashen namiji da na mace duk suna ciki, yana barbarar kansa, don haka iri yakan daɗe bai gauraya ba. In Mendel yana son haɗa iri biyu, sai ya buɗe furen ya cire sashen namijin tun bai nuna ba, ya shafa masa bununin wani tushe. Ta haka ya san uwa da uban kowace ƙwaya. Na biyu, siffofi bakwai da ya zaɓa ba su da tsaka-tsaki: tushe dogo ne ko gajere, ƙwaya sumul ce ko yamutsattsiya. Na uku, waken yana ba da ƴaƴa masu yawa cikin shekara guda, ƙidaya kuwa sai da yawa take faɗin gaskiya.

Da ya haɗa sumul da yamutsattse, ƴaƴan duka suka fito sumul. Amma a jikoki sai ya ƙirga sumul 5,474, yamutsattsu 1,850, wato kusan uku da ɗaya. Ashe siffar ɓuya ta yi, ba ɓata ba. Ya wallafa sakamakon a 1866, ya mutu a 1884, masana ba su farga da darajarsa ba sai a 1900.

Wannan ƙa'ida tana cikin gidajenmu. Ciwon sikila haka yake ɓuya: idan miji da mata duk AS ne, lafiyayyu a ido, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Lissafin sabo ne a kowace haihuwa, ba ya la'akari da ƴaƴan da suka gabata. Saboda haka ya kamata iyaye su sa a yi gwajin jini tun kafin a sa rana, domin rigakafi ya fi magani.