Senti Goma Mai Kuɗin Dubbai: Alƙaluman Ƙwandalar Azurfa ta 1916

Amurkawa na kiran ƙwandalar senti goma "daim". Cikin tsofaffinta, wadda ta fi farin jini ita ce wadda aka buga daga 1916 zuwa 1945, zanen Adolph Weinman. A fuskarta akwai kan mace sanye da hula mai fukafukai. Jama'a suka zaci Mercury ne, gunkin Rumawa, sunan kuwa ya bi ta har yau. Alƙaluma uku ne ke yanka mata farashi.

Na farko shi ne nauyi. Kowace ɗaya giram 2.5 ce, kashi 90 cikin ɗari azurfa, kashi 10 jan ƙarfe. Azurfa zalla ke nan giram 2.25, wato kimanin 0.072 na oza. A ce ozar azurfa tana dala 30, to azurfar ƙwandala guda ta kai dala 2 da senti 17. Duk yadda ta siɗe, ba ta faɗuwa ƙasa da kuɗin azurfarta. Tsadar azurfar ce ma ta sa dokar 1965 ta cire ta daga daim ɗungurungum, shi ya sa in ka juya gefen waɗanda aka buga daga baya za ka ga jan layi a tsakiya.

Na biyu shi ne adadi, kuma a nan gizo ke saƙa. A 1916 gidajen buga kuɗi uku suka yi aikin. Filadelfiya ta buga 22,180,080, San Faransisko 10,450,000, Denba kuwa 264,000 kacal, domin an umarce ta da ta koma buga senti ashirin da biyar. Rabon Denba bai kai ɗaya cikin ɗari na shekarar ba. A 1944 Filadelfiya ita kaɗai ta buga 231,410,000, wato duk ƙwaya ɗaya ta Denba ta 1916 akwai kusan 877 irin waɗannan. Saboda haka siɗaɗɗiyar ta 1944 da ƙyar take wuce kuɗin azurfarta, alhali ta Denba, ko ta sha hannu, ɗaruruwan daloli ce, garau ɗinta kuwa dubbai.

Na uku shi ne lafiyar ƙwandalar, wadda ake aunawa daga maki 1 zuwa 70. A bayanta akwai damin sanduna da gatari. Masana kan sa gilashi su duba igiyoyi biyu da suka ɗaure tsakiyar damin. In tsagin da ke tsakaninsu ya fito sarai, kuɗi ya ninka. Wanda ya goge tasa don ta yi ƙyalli kuwa ya yi wa kansa asara, domin gugar tana barin ƙarce, makin ya zube.

Duk tsadar ta Denba ta 1916 ta rataya ne a kan harafin D, shaidar Denba, wanda ke ƙasan bayan ƙwandalar kuma bai kai ƙwayar gero ba. 'Yan damfara sun san haka, sukan liƙa harafin a kan ta Filadelfiya. Kama da wane ba wane ba ce. Shi ya sa mai saye da ya san kan kasuwa ba ya zaro kuɗinsa sai kamfanin tantancewa ya duba ƙwandalar, ya rufe ta a roba, ya rubuta makinta a kai.