Abin da ke komawa da abin da ba ya komawa: darasin kimiyya ga yara

A makarantun firamare ana koya wa yara cewa abubuwa suna canzawa ta hanya biyu. Akwai canjin da ake iya mayarwa, akwai kuma wanda ba a iya mayarwa. Iyaye a Mai Yara da sauran garuruwan Dakoro za su iya taimakon ƴaƴansu a kan wannan darasi, domin kayan koyarwar duk suna cikin gida.

Canjin da ake iya mayarwa

A nan siffar abu ce take sauyawa, amma ainihinsa yana nan. Man shanu yana narkewa a rana, idan ya sha sanyi sai ya sake daskarewa. Ruwa yana zama ƙanƙara a digiri 0, yana tafasa a wajen digiri 100 ya zama tururi. Idan tururin ya taɓa murfin tukunya sai ya koma ruwa. Gishiri ma idan ya narke cikin ruwa bai ɓace ba. Haka ake samun gishirin Bilma: rana ta shanye ruwan, gishirin ya rage.

Canjin da ba a iya mayarwa

A nan wani sabon abu ne yake samuwa. Itacen da aka ƙona ya zama toka da hayaƙi, ba zai sake zama itace ba. Madarar da ta kwana ta zama nono ba ta komawa madara, domin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sun mayar da zaƙinta tsami. Tuwo ba ya komawa garin gero. Tsatsar da ta ci fartanya kuwa, haɗuwar ƙarfe ce da iska da danshi.

Laka tana nuna hanyoyin nan biyu. Tubalin da ya bushe a rana, idan aka jiƙa shi, zai koma laka. Amma tukunyar da maginiya ta gasa a wuta ba ta komawa yumɓu, ko da ta fashe.

Yadda za ku gwada da yaro

1. Ku zuba gishiri cokali 2 cikin ruwa kaɗan, yaro ya dama har ya narke.
2. Ku juye ruwan a faranti, ku ajiye a rana har ya ƙafe.
3. Yaro ya duba abin da ya rage, ya faɗi abin da ya gani.
4. Babba ya ƙona karan gero guda, sa'an nan ya tambayi yaron ko tokar za ta koma kara.

Kada ku bar yaro ya yi gwajin wuta shi kaɗai. Kada kuma ku yi saurin ba shi amsa. Ku bari ya yi tunani, ko da zai yi kuskure.

Amfanin darasin

Yaron da ya san bambancin nan zai riƙa tambaya kafin ya yi aiki: shin wannan abu zai koma yadda yake? Gawon da ke ba gona taki yana ɗaukar shekaru kafin ya girma, amma wuta tana cinye shi a dare ɗaya. Saboda haka ku riƙa yi wa yara wannan tambaya a madafa da gona da bakin rijiya, har ta zame musu jiki.