Duniya a matsayin shirin ɓoyayyiyar kyamara: Abin da katun ɗin South Park ya hango tun 2003

A ranar 19 ga Maris, 2003, tashar Comedy Central ta Amurka ta haska wani kashi na South Park, katun ɗin barkwanci na manya, mai suna "Cancelled". A lokacin babu YouTube, babu iPhone, balle TikTok. Amma labarin kamar don masu riƙe da waya a yau aka rubuta shi.

Yadda labarin yake

Yaran nan huɗu, Stan da Kyle da Cartman da Kenny, sun gano cewa duniyar tamu shirin talabijin ce kawai. Wasu halittun sararin samaniya ne suka kwaso mutane da dabbobi daga duniyoyi daban-daban, suka zuba su wuri guda, suna ɗaukarsu a ɓoye suna shan dariya. Wata na'ura da aka dasa a jikin Cartman ce ta tona asirin.

Da magana ta fasu, sai shugabannin tashar suka yanke shawarar soke shirin, a kuma rushe duniyar baki ɗaya. Hujjarsu ita ce, da zarar mutum ya san ana ɗaukarsa, shirin ya daina armashi. Me ya ceci duniya? Hoto ɗaya tak. Kenny ya ɗauki shugabannin suna tsaka da abin kunya, yaran suka yi musu barazana da shi, dole suka janye.

Wato dai duk wanda kyamara ke hannunsa, wuƙa da nama na hannunsa.

Daga talabijin zuwa aljihu

Trey Parker da Matt Stone, masu South Park, ba su suka ƙirƙiro wannan salo ba, shaguɓe suke yi masa. Allen Funt ya fara shi a rediyo a 1947, sannan ya mayar da shi talabijin a 1948, shirin da ya shahara da sunan Candid Camera. A watan da aka haska "Cancelled" ne kuma MTV ta fara Punk'd na Ashton Kutcher.

Da, sai babbar tasha mai kuɗi ke iya wannan aiki. Yanzu waya da data sun isa. Duba bidiyon tsokana da ke yawo a TikTok: a tsorata mai talla ko ɗan adaidaita, a ɗora ba tare da saninsa ba. Mai ɗauka ya samu mabiya, wanda aka ɗauka ya tashi da abin gori a unguwa. Wani lokacin ma abin kan juye: a Afrilun 2023 wani mutum ya harbi wani ɗan YouTube da ke tsokanarsa a wani rukunin shaguna a jihar Virginia.

Yadda za ka kare kanka

- A iPhone, daga iOS 14, ɗigon kore a saman allo na nufin wata manhaja na amfani da kyamara, ruwan lemo kuma makirufo.
- Daga Android 12, alamar kore na bayyana a kusurwar sama. Taɓa ta ka ga manhajar da ke aiki.
- Shiga saitin waya ka cire izinin kyamara daga duk manhajar da ba ta buƙatarsa. Me tocila za ta yi da fuskarka?
- Tabarau na Ray-Ban Meta na kunna ɗan haske a gaba idan yana ɗauka. Ka lura da shi.

Idan kuma kai ne mai ɗauka, nemi izini kafin ka ɗora, in an ƙi ka goge. A katun, an shafe wa mutane tunanin abin da ya faru, kowa ya ci gaba da harkarsa. Intanet kuwa ba ta mantuwa.